Ɗakin da Hajiya Ta Ba Ni a Glenwood

Makona na farko a Greensboro a gidan Hajiya Mariyama na yi shi, kuma da a makon nan aka tambaye ni yadda Amurka take, da na yi wa mutane ƙarya ba da sanina ba. Gida ne babba a gefen gari, ko'ina kafet, ko'ina ɗumi. A waje ganye na zuba, iska na kaɗawa, amma a ciki da 'yar shimi Hajiya ke yawo. Na ɗauka haka kowane gida yake a ƙasar.

Kafin in zo, malamar Turanci ce ni a wata sakandaren 'yanmata a Funtuwa. Mijina ya rasu ya bar ni da yara biyu, Ummi da Sadiƙu. Da na ci cacar bizar nan da ake yi kowace shekara, abin da dangi suka iya haɗa mini bai wuce guzurin mutum ɗaya ba, sai na bar yaran wajen mahaifiyata da niyyar in ɗauko su da zarar ƙafata ta tsaya. Hajiya kuwa 'yar Maraɗi ce, ta daɗe a garin. Tana da kantin kayan abincinmu na gida, tana kuma da wasu tsofaffin gidaje a unguwar Glenwood da take zuba baƙi a ciki. Wani ƙanen mijina da ke fatauci ta Jibiya ne ya haɗa mu. Duk wanda na gaisa da shi a makon nan sai ya ce, "Ai kin faɗo hannu nagari."

Ranar da za ta kai ni Glenwood, muna cikin mota ta ce, "Malama, na samar miki ɗaki kusa da jami'a, ga bas a ƙofar gida. Maganar yaranki kuma ki kwantar da hankalinki. Hukuma ba za ta bari ki kawo su da ɗan albashin sabon zuwa ba, sai wani mai hali ya sa hannu ya tsaya miki. In lokacin ya yi, ni zan tsaya." Na rufe fuska da mayafi na yi ta kuka, tana ba ni haƙuri.

Gidan na katako ne, ƙarami, an ɗora shi kan tubala, da rami a ƙarƙashinsa. Muna shiga hayaƙin turaren wuta ya tare mu, ga sabon fenti fari tas a bangon ɗakina. Na ce a raina, dubi karamci, har turare aka yi mini. Sai da turaren ya baje na ji abin da aka rufe da shi, wani wari mai nauyi kamar na tsumman goge-goge da aka manta cikin bokiti.

A ɗaya ɗakin akwai wata dattijuwa, Inna Habsu, mutuniyar Tasawa. Renon jika ya kawo ta wata jiha, suka saɓa da surukinta, bizarta ta ƙare, Hajiya ta ɗauko ta. Ita ke yi wa kantin dambun nama da fura a kicin ɗin gidan. Ba ta biyan haya, ba a kuma biyan ta. Tana kallona ina jera kaya ta ce, "Ɗiyata, janye akwatin nan daga bango. Bangon ga zufa yake yi."

Na yi dariya, na zaci wasa ne.

Aiki na samu a wani gidan kula da tsofaffi ta wajen titin Wendover, a ɗakin wanki. Bas biyu nake shiga, in sauka a tashar tsakiyar gari in canza. Zannuwan gado ake turo mana cikin amalanke, da fitsari, da kashi, da amai, in tsince su da safar hannu in zuba a inji. Ni da ke tsayawa gaban aji ina gyara wa 'yanmata nahawu. Duk da haka ban taɓa jin ƙyamar aikin nan yadda na zo na ji ƙyamar ɗakina ba. Tsoho ba da son ransa yake ɓata shimfiɗa ba. Kuma ɗakin wankin akwai ɗumi. Har so nake a ƙara mini awa.

Da sanyi ya kankama, gidan ya nuna kansa. Iska ta ƙasan dabe take shigowa, ta tsakanin katakan, har gefen darduma na ɗagawa in ina salla. Tagogi gilashi ɗaya ne siriri, da safe sai ka ga ruwa na gangarowa ta ciki, wani lokaci ya daskare. Farin fentin nan ya fara kumbura, ya fashe, baƙar fumfuna ta ɓullo daga ƙarƙashinsa kamar ƙurajen da aka shafa wa hoda. Ta hau bango, ta shiga kusurwa, ta kama bayan katifata. Wata rana na buɗe akwati in ɗauko atamfar da mahaifiyata ta ba ni, na tarar da ita ta yi gashi kore-kore. Kyankyasai kuwa bayan firji suka tare saboda nan ne kaɗai wuri mai ɗumi, in ka kunna fitila su watse kamar an zubar da wake.

Akwai hita mai ɗumama ɗakuna a gidan, tana ruri yini guda, amma ɗumin bai tsayawa. Da takardar kuɗin wuta ta zo na ɗauka ta layin ce gaba ɗaya aka haɗa mana. Inna ta leƙa ta ce, "Faktir ɗin kuran ke nan? Haka yake kowace shekara. Wadda ta riga ki zama ɗakin nan shi ya kore ta." Daga nan muka koma kunna hitar da ƙiyasi. Da rigar sanyi biyu nake kwana, da safa, da hula ƙarƙashin ɗankwali. In na sayi katin waya na kira gida, Ummi ta ce, "Mama, mura kike yi?" In ce layin ne ba kyau.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne baƙar fata, Mista Walter, wanda ya yi ritaya daga masaƙa. Inna ke ce masa Baba Walta. Ya hango ni ina cusa tsofaffin zannuwa a ramukan taga, washegari sai ga shi da leda mai faɗi da salatif. Ya bi tagogin nan ɗaya bayan ɗaya ya lulluɓe su. Yana cikin aiki ya tsaya ya shaƙi iska.

"Mis Sa'a, akwai abin da ya mutu a ƙarƙashin gidan nan."

Na ce ai haka warin yake tun zuwana. Ya girgiza kai, ya ɗauko tocila, ya kwanta ruf da ciki ya shiga ramin, da shekarunsa. Da ya fito, da mushen wata dabba ya fito mai kama da gafiya, ta kumbura, tsutsa na zuba. Sannan ya koma ya jawo wani abu kamar auduga, asalinsa ruwan hoda ne amma ya koma baƙi, ya jiƙe sharkaf da fitsarin ɓeraye.

"Kin ga wannan? Insuleshan sunansa. Shi ake cusawa a ƙarƙashin dabe da cikin bango ya tare sanyi. Shi ne rigar gidan. Wannan ya ruɓe tun ina da gashi a kaina. A bangon kuwa ina jin ba a taɓa sa komai ba. Titi kuke ɗumamawa da kuɗinku."

Na koma bayan gida na yi amai. Da yamma na kira Hajiya na gaya mata komai. Ta saurare ni har na gama.

"Malama, a Funtuwa auduga kuke sa wa bango?"

"A'a, Hajiya, amma can ba a irin wannan sanyin."

"To ki yi haƙuri mana. Kowa da haka ya fara. Zan turo yaro ya shafa fenti. Ki riƙa sa turaren wuta, akwai mai kyau a kanti, ki ce a ba ki."

An zo an shafa fentin a kan fumfunar, ko kankarewa ba a yi ba. Kafin wata ya zagayo ta sake hudo kai.

Wata Asabar cikin tsakiyar sanyi na dawo daga aiki da azahar, na buɗe ƙofa na ji gidan da wani ɗumi da ban saba ji ba, kaina kuma ya sara nan take. Na kira Inna, shiru. A kicin na same ta, ta zame daga kujera, kanta a jingine da ƙafar tebur, amai ya bushe a gaban rigarta. Ga kasko cike da garwashin gawayi a tsakiyar ɗaki. Gawayin da Hajiya ke sayar wa masu tsire ne ta hura don ta ji ɗumi, tagogi kuwa duk a rufe da leda.

Hajiya na fara kira, don ita na sani.

"Kada ki kira motar asibiti," in ji ta. "Kina ji na? Za su zo da 'yansanda, za su tambayi takardunta. Ki ba ta madara, ki shafa mata man zafi. Gani nan zuwa."

"Hajiya, ba ta buɗe ido."

"Na ce gani nan zuwa."

Na ajiye wayar na fita da gudu na buga ƙofar Mista Walter. Bai tambaye ni komai ba. Ya shiga ya toshe hanci, muka kama ta muka fito da ita kan ciyawa, sannan muka sa ta a tsohuwar a-kori-kurarsa, kanta a cinyata, ya kai mu asibiti. Aka sa mata abin shaƙar iska. Babu wanda ya tambayi takardun kowa. Likitar ta ce da na ƙara jinkiri kaɗan da wani zance ake yi.

Da na koma gida ɗauko wa Inna kaya, na tarar Hajiya ta riga ni. Babu kasko, babu gawayi, an yage ledar tagogin duka, an goge aman, gidan na ta tashin turare. A asibiti kuwa ta zo da kular farfesu, ta zauna bakin gado tana share hawaye, tana ce wa ma'aikata yayarta ce. Inna na farfaɗowa hannun Hajiya ta fara kamawa tana sa mata albarka.

Inna ta dawo gida da tari da bai sake barin ta ba. Ni kuma ban tayar da maganar ba, saboda Hajiya ce za ta tsaya wa Ummi da Sadiƙu.

Da bazara ta fara shigowa, wata yarinya Baturiya 'yar jami'a ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, sunanta Emili. Gida-gida suke bi ita da 'yan ƙungiyarsu ta kare muhalli. Ta ce hukumar birni na duba yiwuwar tsaurara dokar gini, ta yadda gidaje da shaguna za su riƙe ɗumi da sanyi, a rage ɓarnar wuta: bango mai isasshen insuleshan, taga mai gilashi biyu, a kuma gwada gini a ga ko iska na zurarewa. Za a yi zaman jin ra'ayin jama'a. Na ce ta shigo ta ga wani abu. Da na janye katifata ta ga bangon, sai ta ja baya ta rufe baki da hannun riga. Sannan ta ciro kyamara.

Na tambaye ta, "Dokar nan taku, za ta gyara irin wannan gidan?"

"Ai saboda irin wannan muke faɗa," in ji ta. "Don kada kowa ya sake zama a haka. Za ki zo ki yi magana?"

Na ce zan yi tunani.

Ba a yi mako ba Hajiya ta aiko a kira ni kanti. Ta shigar da ni ofishinta, ta sa aka kawo mini lemo. Ashe ta sayi wani tsohon sito na kujeru a wajen Wendover, ita da wani ɗan kwangila Bature za su mayar da shi zauren biki da shaguna. In dokar ta wuce, aikin zai ƙara tsada.

"Turawan nan masu son itatuwa ne suka taso mu gaba," in ji ta. "Wa zai biya duk wannan? Ku 'yan haya. Ɗan kwangilar ya ce in kawo mutanenmu su ga talakawa ba sa so. Ke ce mai Turanci, Malama. Ki tashi ki ce ke baƙuwa ce, gida mai araha kike nema, in aka tsaurara doka haya za ta fi ƙarfinki. Shi ke nan."

Na ajiye lemon a kan tebur.

"Na yi magana da lauya a kan yaranki," ta ƙara. "In an gama wannan sai mu je mu sa hannu."

Na ce to. Kuma har ga Allah da niyyar in faɗi abin da ta ce na fita daga gida ranar.

A wani zaure ne cikin ginin hukuma a tsakiyar gari, 'yan kwamiti na zaune a sama bayan dogon tebur. A gefe ɗaya 'yan kwangila da masu gidajen haya, a ɗaya gefen su Emili da kwalayensu masu rubuce-rubuce. Hajiya ta cika layi biyu da mutanenmu, maza da manyan riguna, mata da leshi, yawancinsu 'yan hayarta. An ce musu akwai shinkafa da kaza a kanti bayan an tashi. A layin gaba na ga Inna Habsu. An ara mata leshi mai tsada, an ɗaura mata gwaggwaro, tana danne tari da gefen mayafi.

Ɗan kwangilar ya riga ni magana. Mutum ne mai fara'a, ya iya baki. Ya yi zancen tsadar kayan gini, ya yi zancen ayyukan yi. Sannan ya juyo ya nuna mu da hannu.

"Ku dubi waɗannan bayin Allah. Daga Afirka suka zo, inda da yawansu ko wutar lantarki ba su taɓa gani ba. Ba taga mai gilashi biyu suka zo nema ba. Rufi kawai suke so a kansu. Ku dubi wannan kakar. Ku tambaye ta ko tana da ƙorafi."

Inna ba ta jin Turanci. Ta ga an nuna ta, idon kowa na kanta, sai ta yi murmushi ta ɗaga hannu tana gaisuwa. Hajiya na gefenta tana gyaɗa kai. Sai na tuna ranar da Mista Walter ya fito da mushen nan.

Aka kira sunana. Na isa gaban makirfo. Na ce ni baƙuwa ce, gida mai araha nake nema, kamar yadda aka koya mini. Daga nan bakina ya ƙi bin hanyar. Na gaya musu yadda bangona ke zufa. Na gaya musu fumfunar da ake shafe wa fenti, da iskar da ke ɗaga darduma, da abin da aka jawo daga ƙarƙashin dabe. Na ce gidan da ake kira mai araha, abin da bai ci a haya ba yana cinye shi a wuta. Na ce na san matar da ta kusa mutuwa da hayaƙin gawayi don tana neman ɗumi. Ban ambaci sunan kowa ba. Na ce a garinmu na bar wutar lantarki, na kuma bar ɗakin da ban taɓa kwana da safa a cikinsa ba. Ƙararrawa ta kaɗa, lokacina ya ƙare.

Su Emili suka miƙe suna tafi. Shugabar zaman, wata mata mai ladabi, ta jira suka lafa, sannan ta duƙo kan makirfonta.

"Mun gode, kuma mun yi baƙin cikin jin wannan. Sai dai ina so ki sani, abin da muke tattaunawa yau ya shafi sabbin gine-gine ne da waɗanda za a yi wa babban gyara. Bai shafi tsofaffin gidajen da ake zaune a ciki ba. Matsalarki ta wani ofis ce daban, za a nuna miki shi."

Na tsaya kamar an watsa mini ruwan wankin kifi. Ashe ko dokar ta wuce, ko ƙusa ɗaya ba za a buga a gidanmu ba.

A baranda Emili ta rungume ni, idonta da hawaye. Na cire hannuwanta.

"Kin san bai shafi gidana ba?"

Ta ce, "E to, kai tsaye bai shafa ba. Amma duk abu ɗaya ne. Labarinki ya taɓa zuciyar mutane, ba ki ga fuskokinsu ba? Irin muryar da muke buƙata ke nan. Za ki tsaya mu yi hoto?"

Na juya na nufi ƙofa. Ita ma fuska ta zo nema, irin wadda ɗan kwangila ya nema, sai dai ita tata mai kuka take so.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. A wajen ajiye motoci ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Allah ya saka da alheri, Malama." Suka shige motoci suka tafi cin shinkafa. Ni na taka zuwa tashar bas da leshina.

Inna ta dawo gida bayan magariba, an riga an fassara mata abin da na faɗa. Na zuba mana tuwo a kwano ɗaya yadda muka saba, ta ɗauki nata ta juye a wani kwano.

"Inna, ban faɗi sunanki ba."

"Mata nawa ne suka sha hayaƙin gawayi a garin ga?" Ta yi tari mai tsawo. "Ke kina da katinki na zama ƙasa, kina da Turancinki. Kin yi magana kin huta. Ni in Hajiya ta ce in fita, ina za ni?"

 Ranar Juma'a a masallaci matan da muke gaisawa suka riƙa gyara zama in na matso. Zancen da ya zaga shi ne wai na kai ƙarar 'yan'uwana wajen hukumar shige da fice. Ƙarshen wata Hajiya ta aiko cewa ɗan'uwanta na zuwa, tana buƙatar ɗakin. Maganar sa hannu kuwa ba a sake tayar da ita ba, ni ma ban tambaya ba. Ranar da na gaya wa Ummi a waya cewa sai sun ƙara haƙuri, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "To, Mama," ta miƙa wa kakarta wayar. Gara ta yi kukan.

Mista Walter ne ya kwashe mini kaya a motarsa. Katifar da rabin tufafina a bola muka bar su, warin ya riga ya kama su. Wata abokiyar aikina 'yar Ghana ta ba ni ɗaki a gidan da take haya a wajen Wendover, ginin da bai tsufa ba. Ita ce kuma daga baya mijinta ya tsaya mini a takardun yara, amma sai da aka ƙara shekaru. Sadiƙu da na bari yana koyon rubuta sunansa, da muryar manya ya sauko daga jirgi.

Dokar kuwa, an ce an miƙa wa wani ƙaramin kwamiti ya yi nazari, an kuma ce ko birni ya so sai jiha ta yarda. Su Emili suka buga hoton bangona da na gaban gidan a takardar da suke rabawa, ba tare da sun tambaye ni ba. Ta haka jami'in duba gidaje ya gano wurin, ya zo ya liƙa takarda a ƙofa cewa ba a zama sai an gyara. Mista Walter ne ya kira ni ya gaya mini, yana murna. Na ce, "Inna fa?" Ya ce an zo da mota an ɗauke ta.

Tsakiyar zafin shekarar da na bar gidan na samu labarin inda take. Na jira lokacin da na san Hajiya na zuwa sari, na shiga kantin, na wuce yaron da ke kan kanta na tura ƙofar baya. Sito ne marar taga. Buhunan busasshen kifi da garin rogo har rufi, jarkokin manja na yoyo a ƙasa, manyan firji uku na ruri suna huro zafi. Warin kifi da na danshi da na jini ya haɗu ya tsaya cak, ƙudaje na bin kwalayen kaji. A tsakanin firji biyu aka shimfiɗa 'yar katifa. Inna na zaune a kai tana tsince wake a tire. Ta rame, wuyanta duk ƙurajen zafi.

Ta ɗago ta gan ni. 

"Kin yi ƙiba," in ji ta.

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Inna, ki tashi mu tafi. Ɗakina zai ishe mu. Na yi magana da mai gidan, ta yarda. Akwai taga, akwai iska, ba wanda zai sa ki aiki."

"In ci mi? In zauna ina kallon bango har ki dawo? Nan aƙalla ina jin Hausa. Kuma Hajiya ta ce in zauren bikinta ya buɗe, ita za ta saya mini tikitin gida."

"Kin yarda za ta saya?"

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Dokar taku, an yi ta?"

"An ce ana nazari."

Ta yi 'yar dariya da ta koma tari. Na miƙa mata ruwa, ta sha, ta riƙe hannuna ta ɗan matse shi. Tafin hannunta ya yi kaushi kamar buhu. A daidai nan muka ji ƙarar mota a gaban kanti, da muryar Hajiya tana kiran yaro ya zo ya sauke kaya. Inna ta saki hannuna kamar ta taɓa wuta.

"Fita ta baya. Don Allah, ɗiyata. Ta baya."

Na fita ta ƙofar da ake zubar da shara. Manyan bololi ne a wurin, rana ta dafa su, ruwan kaji na malala zuwa kwata. Na tsaya a jikin ƙofar, mayafi a hanci, na kasa tafiya. Ta cikin ƙarfen ƙofar na ji Hajiya ta shigo siton.

"Wa ya zo nan? Na ji ƙamshin turaren da ba namu ba."

"Sannu da dawowa, Hajiya," in ji Inna, da wata murya mai fara'a da ban taɓa jin ta da ita ba. "Ba kowa. Wata ce ta ɓata hanya."